Hasken da ya dawo gida

Mako biyu na yi ina ɗora laifi a kan na'urar da ke ba lezar wuta, wato lezar da nake aiki da ita, mai tura haske cikin siririn zaren gilashi. Na canja waya, na canja na'urar daidaita zafi, amma layin da ke kan osiloskof, allon da ke zana ƙarfin hasken, ya ƙi zama wuri ɗaya, sai rawa yake. Lezar 'yar mitsitsiya ce irin ta semikondakta, mai tsawon zango nanomita 1550.

Wata rana gwiwar hannuna ta bugi zaren gilashin, sai na ga rawar ta canja salo. Na lanƙwasa shi da gangan, ta sake canjawa. Ashe bakin zaren da na yanke a miƙe ne ke mayar da haske. Inda gilashi ya haɗu da iska, kusan kashi 4 cikin 100 yakan juyo baya, ga shi na cire isoleta, na'urar da ke hana haske komawa cikin lezar, wai ina tsimin ƙarfin haske. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Kashi 4 a ido ba komai ba ne, amma ga wannan leza ambaliya ce. Hasken da ya dawo yana taɓa yawan elektron da ke cikinta, wannan ya sauya yadda haske ke ratsa ta, sai mitar hasken, wato yawan kaɗawarsa a daƙiƙa, ta goce. Gocewar nan kuma ta fita, ta sake dawowa a makare, ta tarar da lezar ta riga ta canja. Wannan makarar ita ce zuciyar lissafin da masana Lang da Kobayashi suka fitar a 1980. Wasu masanan kuwa, Tkach da Chraplyvy, sun kasa tasirin hasken da ke dawowa gida biyar a 1986, kuma tawa ta faɗa gida na huɗu, inda tsabtar hasken ke rushewa, faɗin mitarsa ya tashi daga megahaz (miliyoyin kaɗawa a daƙiƙa) zuwa gigahaz (biliyoyi).

Da na gane, sai kwaɗayi ya kama ni. Na ajiye madubi a nisan santimita 30, wato zuwa da dawowa nanosakan 2, na rage wuta zuwa daidai inda lezar ke fara haskawa. Matakin fara haskawar ya sauko ƙasa. Can sai ƙarfin hasken ya riƙa faɗuwa kwatsam, ya hau a hankali kamar mai taka matakala, ya sake faɗuwa, ba tare da tazara tsayayya ba. Na shafe yini guda ina kallo.

Washegari na mayar da isoleta, na sa wa zaren mahaɗi mai bakin da aka goge a karkace digiri 8, irin koren nan, don kada hasken ya dawo. Har na'urar auna hasken na ɗan karkatar, don fuskarta ma madubi ce.