Yadda Muka Ƙera Butum-butumin Faɗa a Ajinmu na Ƙere-ƙere

Ina koyar da lantarki da ƙere-ƙere a wata makarantar sakandare ta kimiyya da fasaha a cikin birnin Kano, kuma a zangon karatun da ya fara da hunturu ya ƙare da bazara na ɗora wa 'yan aji biyu na babbar sakandare aikin ƙera ƙananan butum-butumi masu faɗa da juna, waɗanda ake tuƙawa da rimot. Abin da ya sa na yi haka shi ne, yaran sun haddace dokar Ohm, wato ƙa'idar lissafin wutar lantarki a cikin waya, tamkar karatun allo, amma da yawansu ba su taɓa ganin waya ta yi zafi har ta narke ba saboda an ɗora mata wutar da ta fi ƙarfinta.

Wannan wasa ya yi suna a Amurka da Ingila tun shekarun 1990, kuma manyan da ke karawa a gasar BattleBots nauyinsu yakan kai kilo 113. Mu kam ƙaramin rukuni muka ɗauka, wanda ba ya wuce laba uku, wato kilo 1.36, na kuma ajiye sikeli a kan teburina. Kowace ƙungiya ta zo da zane ɗauke da gatari da zarto da sulken ƙarfe mai kauri, sai dai da aka ɗora injinan juya taya da batir da na'urar karɓar saƙon rimot a kan sikeli, kowa ya ga abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Daga nan gardama ta ɓarke a tsakaninsu, wannan yana cewa a rage sulke, wancan yana cewa a haƙura da makami, kuma a ganina a cikin wannan gardamar suka fara aikin injiniya na gaske, domin dole kowa ya kawo hujjarsa da lissafi.

Rimot mai aiki a kan mita 2.4 GHz da na'urar daidaita gudun inji ta intanet muka saye su. Waya da makunni da dalma a Sabon Gari muka samo, guntayen alminiyam da notuna kuma a Ƙofar Ruwa, inda wani dattijo ya dubi zanen ya ce, "Malam, ka sayi noti mai roba a ciki, in ba haka ba girgiza za ta kwance maka komai." Gangar jikin kuwa da farin faifan roba na yanka nama muka yi ta, saboda yana lanƙwasa idan ya sha duka maimakon ya tsage, kuma zarton hannu yana yanka shi.

Batun batir ban yi sassauci a kansa ba ko kaɗan. Batirin LiPo, wato na sinadarin lithiyam da ake caji, kowane ɗan batir da ke cikinsa volt 3.7 yake bayarwa, ya cika a 4.2, idan ya sauka ƙasa da 3 ya fara lalacewa, idan kuma aka huda shi yana iya kamawa da wuta. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40, na hana cajinsa sai a gabana, a cikin bokitin yashi, kuma duk batirin da ya kumbura an sallame shi. Haka nan babu butum-butumin da ya shiga fili sai an kashe rimot ɗinsa an ga ya tsaya cak. Makami mai juyawa na hana shi gaba ɗaya, domin yana bukatar katangar roba mai suna polikabonet, wadda ba ta tarwatsewa kamar gilashi, kuma kuɗinmu bai kai nan ba. Yaran sun ji haushi, amma idon ɗalibi ɗaya ya fi mini gasar baki ɗaya.

Ranar karawa kowane zagaye minti uku ne, wanda ya kasa motsi har aka ƙirga goma ya faɗi. Ƙungiyar da ta yi nasara ba ta da wani makami sai goshi mai gangare da ke shiga ƙarƙashin abokin karawa ya ɗaga tayoyinsa. Sun gama ƙirarsu da wuri, suka yi ta koyon tuƙi a tsakanin ƙafafun kujeru, kuma na lura kafin kowane zagaye direbarsu takan goge tayoyin da jiƙaƙƙen tsumma, saboda ƙurar da ke kan katakon filin karawa tana sa su santsi. Yawancin waɗanda suka faɗi ba duka ne ya kayar da su ba, waya ce ta zare daga inda aka liƙa ta da dalma, ko taya ta fice daga sandarta.

Saboda haka a zango mai zuwa kowace ƙungiya za ta riƙe littafin da za ta rubuta duk abin da ya lalace da dalilinsa, kuma sai butum-butumi ya yi mako biyu yana tafiya lafiya kafin a ɗora masa makami.