Bangon da Hanyar Kaita Ta Tsaga

Ni ɗan Tawa ne, tun ina yaro nake bin hanyar Kaita, amma ban taɓa tsayawa na dubi bangon da masu gina hanya suka bari inda suka tsaga tudu ba, sai da na shiga sashen nazarin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. A shekararmu ta biyu aka kawo mu Adar aikin fili, kowa da gudumarsa da littafinsa da ƴar kwalbar ruwan asid. Motar ta tsaya a gindin wani hawa, malaminmu ya ce kowa ya zana abin da ya gani.

Na tsaya daga nesa, na ja layi uku: ja a sama, fari a tsakiya, toka-toka a ƙasa. Kafin sauran su gama fiƙe fensir na miƙa. Malam ya duba, ya ce, "Ka taɓa dutsen da hannunka?" Na ce, "A'a, Malam." Ya mayar mini da littafin, ya ce in fara daga ƙasa in hau, domin abin da ke ƙasa shi ya riga kwantawa.

Sai da na durƙusa na ga abin da na tsallake. Abin da na kira toka-toka laka ce mai shafi-shafi, tana ɓarewa a yatsa kamar tsohuwar takarda. A kanta farin dutsen yake. Na ɗiga masa asid ya yi kumfa, shaidar cewa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Malbaza a ƙona a yi siminti. Na sa guduma, sai ga wani abu zagayayye ya faɗo a tafin hannuna, da zane kamar fure mai ganye biyar a bayansa. Bushiyar teku ce, wata ƴar halitta mai ƙayoyi da ke rayuwa a ƙasan teku, da ta zama dutse. Kusa da ita akwai ɓawon kawa. Na daɗe ina juya ta. Wajen shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya rufe wannan kwari da masana ke kira Iullemmeden, kuma nan inda jakuna ke hawa da itace ƙarƙashin ruwan gishiri yake. Na karanta haka a aji, har na amsa shi a jarrabawa, amma ranar ce na yarda da shi a zuciyata.

Jan da ke sama kuwa ya zo ne bayan tekun ya janye: yashi da marmara masu ƙarfe, a wasu wurare har da ƴan ƙwayoyi kamar gero. Taurinsa ne ya sa tuddan Adar suke da kai a baje kamar faifai.

Muna nan sai wani dattijo mai ginar rijiya ya tsaya kallonmu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, kun san wannan lakar?" Ya ce, "Ɗana, ai ita ke tare ruwa. In ka huda farin nan ka tarar da ita, ka dakata, kada ka fasa ta." Ya nuna mana da sandarsa wani layi mai danshi daidai inda dutsen ya zauna a kan lakar, har ciyawa ta tsiro a jere. Ruwan damina yana bin tsagar farin dutsen ya sauka, ya kasa ratsa lakar, sai ya fito ta gefe. Malam ya ƙara da cewa nan ne kuma hanya ke fara lalacewa, domin lakar in ta jiƙe takan yi santsi, abin da ke kanta ya zame. Wannan layin ba ya cikin zanena na farko ko kaɗan.

Na sake zanen, ya ɗauke ni har la'asar, ya fito da shimfiɗa tara, kowace da kaurinta da launinta. Bushiyar tekun na kai ta gida na nuna wa kakata. Ta riƙe ta, ta ce suna yara sukan tsinci irinta a kan tudu in sun je kiwo, su yi wasa da ita.