Lambun da Aka Gina da Shara a Chandigarh

Daga Delhi zuwa Chandigarh, a ƙasar Indiya, a jirgin ƙasa ba a kai awa huɗu ba. Garin kansa bai burge ni ba: tituna a miƙe sambal, unguwanni ba suna sai lamba. Le Corbusier, wani shahararren mai zanen gine-gine, shi ne ya tsara shi a shekarun 1950, kuma sai da aka rushe ƙauyuka da dama kafin a samu filin gina shi. Abin da aka yi da ɓaraguzan nan shi na zo gani.

Nek Chand ma'aikacin gwamnati ne, sufeton hanyoyi. Tun 1957 yakan bi juji da kangaye bayan an tashi daga aiki, ya loda wa kekensa fasassun tangaran, tukwane, tayil, soket na lantarki da karyayyun awarwaro, ya kai su wani kwari cikin dajin da doka ta hana gini, inda yake gina mutum-mutumi da bangaye da su. Kusan shekara 18 yana wannan aiki a ɓoye. Da hukuma ta gano, saura ƙiris a rushe wurin, amma jama'a suka tsaya masa. Aka buɗe wurin ga jama'a da sunan Rock Garden a 1976, aka sa masa albashi, aka ba shi leburori 50. Yau lambun ya kai eka 40.

Ƙofofin ciki gajeru ne, dole ka sunkuya, kuma ba ka san abin da ke gaba ba sai ka ɓulla. Can ga bango guda an lulluɓe shi da soket, can ga jerin birai da dawaki na siminti. Inda na fi daɗewa shi ne gaban mutum-mutumin mata, sahu-sahu, tufafinsu duk gutsattsarin awarwaro ne na gilashi, ja da kore da shuɗi. Kowane guntu akwai hannun da ya taɓa sa shi.

A nan ne wani abu ya tsaya mini a rai. Kayan da Nek Chand ya tsinta an more su har suka fashe, sannan aka zubar. Sharar yanzu kuwa lafiyarta ƙalau ake jefar da ita. Kusan kowa a cikinmu, har da ni, yana riƙe da gorar ruwa ta roba wadda amfaninta bai wuce na rabin yini ba, ga kwandunan shara sun cika da ledoji. Ana yawan cewa irin wannan fasaha tana ceton muhalli. Ni dai ban gamsu ba. Mutumin nan ya shafe fiye da shekara 50 yana tsinta yana liƙawa har ya rasu a 2015, kuma da wuya duk abin da ya tara ya kai sharar da birni kamar Delhi ke fitarwa cikin 'yan makonni.

Da la'asar na fita ta ƙofar ƙarshe, ƙafafuna sun yi tsami, na nufi tafkin Sukhna da ke kusa don in huta kafin jirgin komawa.