Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Oga ya sakar min kyamara ni kaɗai

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya a inda na cika shekara biyu ina riƙe wa Oga jaka da fitila a shagonsa na hoto da ke wajen Terminus a Jos. To yau labarin bikin farko da na ɗauka ni kaɗai ne, kuma ƙannena da kuke ta turo min saƙo kuna cewa kun sayi kyamara za ku fara aikin biki, dan Allah ku karanta wannan a natse, naku ne.

Disamba ce ta 2014, irin sanyin Jos ɗin nan da in ka wanke hannu da asuba sai ka ji kamar ba naka ba. Aiki biyu ya haɗe wa Oga rana ɗaya, ɗaya a Bukuru ɗaya a Anguwan Rogo, sai ya kira ni daren Alhamis ya miƙo min kyamara Canon 600D da lens biyu, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, 18-55 da 50mm, ya ce "gobe kai ne da Anguwan Rogo, kar ka ba ni kunya." Na ce in sha Allahu Oga. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta cajin batir ina goge lens, amma abin da ya kamata in yi tun farko, wato in je in ga mutanen bikin da idona, ko a raina bai zo ba.

Ɗaurin auren a babban masallacin Juma'a ne bayan an idar da sallah, kuma ba namu kaɗai ba ne, akwai wasu a jere. Ni ban san fuskar ango ba, ban san baban amarya ba, lambar abokin ango kawai Oga ya ba ni ita ma ta ƙi shiga. Sai na tsaya daga baya ina neman saurayi mai sabuwar shadda, alhali kowa a wajen sabuwar shadda ce a jikinsa. Kafin in kutsa gaba liman ya tambayi waliyyi, wakilin ango ya miƙa sadaki, shaidu sun shaida, an shafa Fatiha, jama'a sun miƙe. Ko minti goma ba a yi ba. Abin da na samu ƙeyar mutane ne da huluna.

Har yau abin na min ciwo, shi ya sa nake nanata wa duk yaron da ya zo koyo wajena: ango za ka same shi a waje, za ka ɗauke shi da abokansa har ka gaji, amma hannun wakili yana miƙa sadaki ga waliyyi sau ɗaya ne, ba wanda zai ce liman ya maimaita saboda mai hoto bai shirya ba. Ka je tun ana gobe, a nuna maka waliyyi, a nuna maka wakili, ka tambayi a wane ɓangare za a zauna, ranar kuma ka riga kowa zuwa ka samu gefe ka durƙusa, kar ka tsaya ƙiƙam a gaban manya.

Da muka fito waje wata matsalar ta taso. Rana tsaka, kowa cikin farar babbar riga, ina ɗauka ina duba bayan kyamara sai in ga rigar ta yi ruwan toka fuska kuma ta yi duhu. Dalilin shi ne kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, mu kuma fatarmu baƙa ce, ita ke shan wahalar. Maganinsa ka ƙara hasken da kanka kamar mataki ɗaya, ko ka ja su inuwa, ko ka kunna filasha ko da rana ce ta cike inuwar da hula ke yi a goshi. Abin da ya cece ni ranar shi ne Oga ya bar kyamarar a RAW, wato tsarin da take ajiye hoto ɗanye ba ta matse shi ta zubar da bayanansa ba, da muka zo gyara a kwamfuta fuskokin suka dawo. Sai dai RAW na cin wuri, memori mai 16GB a wannan kyamarar hoto wajen 600 yake ɗauka, kuma ramin memori ɗaya gare ta, don haka ka riƙe biyu ko uku. Batir ma haka, sanyi na saurin zuƙe shi, na biyun a aljihun ciki nake sa shi ya ji ɗumin jiki. Kuma kar ka canza lens a fili lokacin hunturu, ƙura ce za ta shige ciki ka riƙa ganin ɗigo a kowane hoto.

Da la'asar na wuce gidan amarya wajen yini. Ina sa ƙafa a zaure wata dattijuwa ta tare ni, ashe gwaggon amarya ce, ta ce "kai ɗan nan ina za ka, ba ka ga mata ne a ciki ba?" Na rusuna na ce "Hajiya ina wuni, ni ne mai hoto." Ta kalle ni sama da ƙasa, ta sa aka sanar a ciki kowa ta gyara mayafinta, sannan ta kira ƙanwar amarya ta ce "ki bi shi, ki nuna masa mutane." Allah ya saka wa ƙanwar nan da alheri, don ita ta koya min aikin da ba a koya a shago. Yarinyar ce ke raɗa min wannan kakarmu ce daga Bauchi ta zo, wannan ita ta yi renon amarya, waccan matar mijinta ba ya son a ɗauke ta. Ni kaɗai da 'yan matan anko zan ƙare a kansu, su da ke ta kira na, in bar tsofaffin da ke zaune a tabarma ba sa ce maka komai.

Bayan isha aka zo kai amarya, aka shigar da ita wajen iyayenta su yi mata nasiha, ana fara magana NEPA suka ɗauke wuta. Raina bai ba ni in haska musu filasha a irin wannan lokaci ba, sai na sa 50mm ɗin na buɗe idonsa zuwa 1.8 don haske ya shiga da yawa, na kai ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, 1600, na roƙi ƙanwar ta ɗaga fitilar caji daga gefe. Amarya na cikin lulluɓi tana kuka, hannunta da ya sha lalle ya riƙe bakin zanin mamanta ya ƙi saki. Sau uku na danna, ɗaya ne ya fita. Ban taɓa sa hoton nan a Facebook ba kuma ba zan sa ba, matar mutum ce, amana aka ba ni da aka bar ni na shiga ɗakin.

Sha ɗayan dare ta wuce na iso gida, ban kwanta ba sai da na juye komai a laftof na sake juyewa a wani wajen daban. Da safe Oga ya zauna yana wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya bai ce komai ba, ya daɗe a kan na hannun lallen nan, sannan ya koma farko ya juyo ya ce "ina ɗaurin auren?"

Yadda muka kwashe da shi, da yadda na je gaban baban ango da bakina na faɗa masa, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.