Na samo wa kunkuruna aboki, ashe abokin gaba na kawo masa

Shekara shida kunkuruna yana zaune shi kaɗai a tsakar gidanmu a Mabera, ba abin da ya dame shi. Da safe ya fito ya ci ciyawa da ganyen yakuwa, rana ta ɗaga ya shige ramin da ya haƙa a gindin dogonyaro. Ni ne na zauna na yanke cewa kaɗaici na damunsa. Da wani maƙwabcinmu zai tashi daga unguwar ya ce in ɗauki nasa, sai na rungumo shi da murna na ajiye su tare. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai yaro, wa yac ce maka shina biɗar aboki?" Dariya na yi.

Ƙannena masu sha'awar kiwon kunkuru, kuskurena na fari ke nan. Kunkuru ba tumaki ba ne da ke son garke. A daji kowa da raminsa, ba su haɗuwa sai lokacin barbara. Kuma ban ko duba ba, duka biyun maza ne, alhali ganewar ba wuya in sun girma: ka ɗaga shi kaɗan, namiji cikinsa ya lotsa kamar akushi, wutsiyarsa doguwa ce mai kauri, mace cikinta a shafe yake, wutsiyarta guntuwa.

Hausawa na cewa kunkuru na son dambe ba shi da yatsa. Wanda ya faɗi haka bai ga irin namu na bakin Sahara ba, mai ruwan ƙasa, wanda babbansa kan haura kilo 50. A ƙarƙashin wuyan namiji akwai wani ƙashi mai baki biyu da ya turo gaba. Da shi yake zura wa abokin faɗa a gindin ƙoƙo, ya ɗaga shi, ya birkice shi. Faɗan ya fi tsanani bayan damina, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da suke neman mata. Na riƙa jin ƙwas, ƙwas daga ɗaki, kamar ana gwara ƙorai, ina cewa wasa suke. Har yaran unguwa nake kira su zo kallo, abin da nake jin kunyarsa yau.

Wata Juma'a cikin Oktoba na dawo daga masallaci na tarar da nawa kwance rigingine a tsakiyar rana, ƙafafu na ta shure iska, kumfa a baki. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon bayansa, don haka in ya birkice kayan ciki ne ke danne huhun, ga kuma ranar Sakkwato da kun san ta. Da na ƙara awa ɗaya a hira, sai dai gawa. Na juya shi a hankali, na kai shi inuwa, na yayyafa masa ruwa. Sannan na ga gefen ƙoƙon ya tsage kusa da ƙafar gaba, jini na tsattsafowa, ga shatin cizo a ƙafar.

Nan na tafka na biyu. Na taɓa ganin ana shafa wa jaki baƙin mai a gyambo, sai na ɗebo na lafta masa, na sake shi cikin ƙasa. A tunanina ƙoƙo ai kamar dutse ne. Ashe ƙashi ne mai rai, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa duk a jiki suke, yana jin zafi kamar yadda za ka ji. Kwana uku sai wari. Ƙudaje sun yi ƙwai a tsagar, tsutsotsi na motsi a ciki.

Wani abokina mai kiwon awaki ya ce ya zo ya yi masa allurar aibamektin, wadda masu kiwo suka fi sani da Ivomec, tunda tana kashe tsutsa. Allah ya tsare, ban samu kuɗin allurar ba ranar. Washegari na sa shi a baho na kai asibitin dabbobi, likitan ya dube ni ya ce da an yi masa da jikinsa ya shanye ya mutu, domin maganin guba ne ga kunkuru. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Mu nan ba mu da uzuri ma, Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi.

Likitan ya tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya koya mini abin da ya kamata in yi tun ranar farko: a wanke rauni da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan gishiri, a shafa aidin da aka tsarma da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, a ajiye shi a wuri mai tsabta marar ƙasa, a rufa gidan sauro. Ya kuma gargaɗe ni kada in cika tsagar da gam, don rufe datti a ciki ya fi barinta buɗe muni. Wata biyu ina wannan hidima safe da yamma, ƙoƙon kuwa ya kusa shekara kafin ya haɗe.

Na gwada raba su da waya, ba ta yi ba. Muddin suna hangen juna, tunkarar wayar suke yi dare da rana. Na jera bulo, baƙon ya haƙa ta ƙasa ya ɓullo. Daga ƙarshe na ɗora shi a bayan Keke Napep na kai wa Kawu a Wamakko, inda yake da fili. Nawa yana nan gindin dogonyaronsa, da tabo fari a kafaɗa kamar tsawon yatsana.