Ladabin Sinawa sai su

Darasin Sinanci na yau ya ɗaure min kai. Ashe a ladabin Sinawa ba ka cewa "gidana", sai hanshe, 'yar bukka mai sanyi, ko da bene ne. Ɗanka kuwa quanzi, ɗan kwikwiyo! Na baƙo kuma sau da yawa sai an liƙa masa gui, wato mai daraja: sunanka mai daraja, ƙasarku mai daraja.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne nucai, bawa. A daular Qing, wadda ta faɗi a 1912, haka manyan jami'an Manchu, ƙabilar sarakunan daular, suke kiran kansu gaban sarki, kuma gata ce, alamar ɗan gida. Jami'an Han, ƙabilar mafi yawan Sinawa, sai dai chen, mai hidima. Ko fadawanmu sai sun sara musu.