Katakon da ya kwana 11 a falo

Aikin farko da na samu a Miniyafolis, birni a jihar Minisota ta Amurka, wata huɗu bayan na taso daga Zariya, shi ne ɗaukar kaya a wajen wani dattijo Bature mai shimfiɗa daɓen katako a gidajen mutane. Ranar da na fara, cikin watan Janairu, muka sauke kwali 46 daga mota zuwa falon wani tsohon gida. Sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, in ka ja numfashi har gashin hancinka kake ji yana daskarewa. Muna gama saukewa na ɗauko guduma. Maigidana, wato dattijon, ya girgiza kai, ya ce a buɗe kwalayen, a jera falankan, kowa ya kama gabansa.

Na zaci Turancinsa ne ban ji da kyau ba. Ga kaya, ga ma'aikata, ga matar gidan tana leƙo mu da yara biyu, sai a ce a tafi? Amma haka muka yi. Muka shimfiɗa 'yan sanduna a ƙasa, muka jera sahu ɗaya ta nan, na bisansa a gicciye, da tazara tsakanin kowane falanki, kamar yadda ake jera ɗanyen bulo don iska ta ratsa.

Da daddare na kira kawuna, wanda ya fi shekara 30 yana kafinta a Sabon Gari. Na ce, "Kawu, a ƙasar nan fa katako ma sai an bar shi ya saba da ɗaki kafin a sa masa ƙusa." Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, har ka manta ƙofar ɗakin Inna? Da damina sai an sa mata kafaɗa take rufuwa, da hunturu kuwa haske kake gani ta gefenta." Wallahi sai a lokacin abin ya zauna mini. Abin da na tashi ina gani ne, auna shi ne kawai ban taɓa ganin an yi ba.

Itace ko an sare shi, an busar, an goge, ba ya daina shan danshin iska yana sakewa. In ya sha ya kumbura, in ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsawa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A Minisota kuwa damina da hunturun duk a cikin ɗaki suke. Lokacin sanyi na'urar ɗumama gida ba ta hutawa, iskar ɗaki ta bushe ƙayau, danshinta ya kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Yuli da Agusta kuma iska ta yi nauyi da laima, riga na manne wa jiki. Falankin da aka kafa yau zai sha wannan juyin kowace shekara.

Maigidan ya taɓa yi mini lissafin da fensir a bayan kwali. Katakon da muka kawo na wani itace ne mai tauri da suke kira jan ok, wanda da shi da wani itacen mai suna mefil aka daɓe yawancin tsofaffin gidajen garin. Falanki mai faɗin inci 5, in danshinsa ya ƙaru da kashi 3, zai buɗe da kusan milimita ɗaya da rabi. Ba komai ba ne a ido. To amma ɗaki mai faɗin ƙafa 15 falanki 36 yake ci, in suka buɗe tare an kusa inci biyu. Ina za su je? Ko dai bakin kowanne ya ɗago tsakiyarsa ta lotsa, ko daɓen ya tumbuke ƙusoshinsa ya yi tozo a tsakar ɗaki.

Ɗaya ɓangaren kuma a makon na gan shi da idona, a wani gida da aka kira mu gyara. Wasu ne suka yi aikin cikin Agusta, suka kwaso katakon daga gareji suka kafa a ranar. Da sanyi ya shigo katakon ya saki ruwansa. Na durƙusa na zura kwabo a tsakanin falanki biyu, ya shige ya tsaya da kansa. Ƙura da gashin kare sun cika ramukan, mai gidan yana ta zagin katako. Ni ban ga laifin katako ba. An kafa shi ne da danshin gareji, alhali a falo zai zauna.

Kullum da safe muna biyawa ta gidan farko. Maigidan yana da wata 'yar mita mai allura biyu ta auna danshin katako, sai ya juya falanki ya soka a bayansa, lamba ta fito. Ba ɗaya yake aunawa ba, sai ya zazzaro daga sama, daga tsakiya, daga ƙasan tulin. Ƙa'idar ƙungiyarsu ta masu daɓen katako, NWFA, ita ce a auna falanki 40 a kayan da za su rufe murabba'in ƙafa 1,000, a kuma auna katakon ƙasa da za a kafa a kansa a wuri 20. Bambancin danshin su biyun kada ya wuce kashi 4 in falankin bai kai inci 3 ba, in ya kai ko ya fi, kashi 2 kawai. Namu ya iso da 10 da ɗoriya, na ƙasa yana 6. Na sha jin ana cewa kwana uku sun isa. Shi dai bai taɓa ƙirga kwana ba, lambar yake bi.

Wani abin da ya fi burge ni shi ne bai bar katakon ya bi busasshiyar iskar Janairu yadda ta ga dama ba. Ya ce in ya bushe fiye da kima, Yuli na zuwa zai rama. Sai ya sa matar gidan ta kunna na'urar ƙara danshi, a riƙe ɗakin tsakanin kashi 30 zuwa 50, zafinsa kuma tsakanin digiri 16 da 27, wato yadda mutanen gidan za su zauna da shi. Shi ya sa ba ya yarda a kawo kaya gidan da fenti ko siminti bai bushe ba, ko wanda ba a kunna ɗumi ba tukuna, balle a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Ni kaina a kwanakin nan leɓɓana sun tsattsage, hancina na haɓo da asuba, in na taɓa marikin ƙofa lantarki ya tsikare ni. Wani dattijo Basomale da muke sahu ɗaya a masallacin unguwar Sida-Ribasaid ya dubi fuskata ya ce, "Ɗana, sayi na'urar danshi ka sa kusa da gado, mu ma haka muka fara." Irin wadda ke huci a gefen tulin katakon ce na je na saya. Na tausaya wa matar gidan ƙwarai, ita da yaranta suna cin abinci a tsaye a kicin, kujerunsu a tare a ɗaki guda. Rana ta takwas ta tambaya ko ba za a fara ba. Maigidan ya nuna mata mitar, ya ba ta labarin kwabona, ta yi shiru ta haƙura.

Rana ta 11 falankan suka tsaya a 8, na ƙasa ya hau 7, kuma kwana biyu ke nan lambar ba ta motsa ba. Ya miƙo mini fensir ya ce in rubuta lambobin da kwanan wata a kan katakon ƙasa, inda daɓen zai rufe su, saboda duk wanda zai ɗaga shi wata rana. Na rubuta, na ƙara bisimilla da ajami a gefe. Muka bar tazarar kashi uku cikin huɗu na inci a jikin bango, muka ja zare, na riƙe masa falankin farko ya buga.